Zumunta a Ƙafa Ta Ke

  Wanda ya ke da Littafi Mai Tsarki kusa da shi, bari ya buɗe wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Korintiyawa, sura 8, ya sa tsinke a wurin, gama za mu komo gare ta. Wanda ba shi da shi kuwa ya kasa kunne kawai.

Zancenmu na yau a kan wata al'ada ne wadda ta bazu cikin duniya a zamaninmu. Mutum lafiya lau, ba wanda ya kore shi, ba bashi ya ke bi ba, ba kasuwa za shi ba, sai ya ɗaura takalmi ya kama hanya a ƙasa, kwana da kwanaki, domin a tara kuɗi saboda yaran da cutar ƙanjamau ta raba su da iyayensu. Ƙanjamau ita ce mu ke ce wa sida a nan wajenmu. Watakila wani ya ce, "To, ina ruwan ƙafa da maraya? In kana da abin bayarwa ka ba shi mana, ka zauna gida ka huta." Tambaya ce mai kyau, ta kuwa isa a amsa ta.

Doguwar tafiya a ƙasa ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu fatake sun taka daga Kano da Katsina har Gwanja garin neman goro, wata da watanni, suna kora jakuna. Alhazan dā sun ratsa Chadi da Sudan a ƙasa har bakin Bahar Maliya, waɗansu shekara da shekaru, waɗansu ma can suka zauna, ga jikokinsu nan a Sudan har yau. Amma falke ribarsa ya ke nema, alhaji kuma farillarsa ya ke saukewa. Wannan tafiya da mu ke magana, ribarta ta ɗan wani ce, yaron da mai tafiyar sau da yawa bai taɓa sa shi a ido ba.

Ga yadda a ke yinta. Tun kafin ranar tashi mai tafiya ya kan ɗauki takarda ya bi 'yan'uwa da abokai da maƙwabta da masu kanti, ya ce, "Zan taka daga gari kaza zuwa gari kaza. Kowace kilomita da na ci, nawa za ka ba marayu?" Kowa ya faɗi gwargwadon ƙarfinsa, a rubuta. Bari mu yi misali da kuɗinmu. A ce tafiyar kilomita 200 ce, wato ta kusa kai nisan Maradi da Damagaram. Mutum ya yi alkawarin dala 5 kowace kilomita, nasa ya kama jaka 5 ke nan. In an sami mutum 40 irinsa, jaka 200 ta taru. Amma in mai tafiya ya gaji ya zauna a kilomita 50, abin da za a karɓa jaka 50 ne kaɗai. Kun ga ashe kowane taki yana da kuɗinsa, na ƙarshe daidai da na fari. A waɗansu wurare kuma ba a lissafin kilomita, sai mutane da kamfanoni su ba da abin da suka yi niyya gaba ɗaya, a kan cewa za a kai ƙarshen hanya.

Ekklesiyoyi suna cikin waɗanda suka riƙe wannan dabara da wuri. A shekara ta 1969, a wani gari na Amurka mai suna Bismarck, mutum wajen 1,000 suka fita tafiya saboda masu fama da yunwa, suka tara dalar Amurka 25,000. Dalilinsu shi ne, tun da ya ke matalauta suna taka ƙasa kullum garin ɗiban ruwa da itace, bari mai ƙoshi shi ma ya ɗanɗana. A 1985 kuma aka yi irinta ta fari saboda masu ƙanjamau a birnin Los Angeles, ko da ya ke wannan gajeriya ce, ta yini ɗaya.

Yanzu sai mu ɗan tsaya kan cutar kanta, gama wanda bai san ciwo ba ba zai gane kukan mai shi ba. Likitoci sun fara ba da labarinta a Amurka a 1981, a 1983 kuma masana a birnin Paris suka gano ƙwayar da ta ke kawo ta. Ƙwayar nan ta kan shiga jini ta riƙa cin garkuwar jiki, wadda Allah ya shirya domin ta tsare mutum daga cututtuka. A hankali ta ke yi, shekara da shekaru, mutum yana aikinsa bai sani ba. Ran da garkuwa ta faɗi, sai tarin fuka da zawo da ƙuraje su shigo kamar awaki cikin gonar da dangarta ta zube. Hanyoyinta uku ne. Akwai kwanciyar namiji da mace. Akwai jini, wato allura ko askar da aka yi wa wani aiki da ita ba a tsabtace ba, ko ƙarin jinin da ba a auna ba. Akwai kuma daga uwa zuwa ɗa, ko a ciki, ko wurin haihuwa, ko a nono. Ba ta bin gaisuwar hannu, ba ta bin cin tuwo a ƙwarya ɗaya, sauro kuma ba ya ɗaukarta. Ku riƙe wannan da kyau, gama an kori yara da yawa daga bakin akushi saboda rashin saninsa.

Me ya sa marayunta suka yi yawa haka? Ƙyanda da zazzaɓi ƙananan yara su kan fi ɗauka, su bar iyaye da baƙin ciki. Ita kuwa wannan majiya ƙarfi ta kan ɗauka, masu noma da masu koyarwa da direbobi da mata masu goyo. Tun da ya ke miji da mata shimfiɗarsu ɗaya, in ta ɗauki ɗaya sau da yawa ta kan komo ta ɗauki ɗayan. A al'adarmu, da ta yawancin Afirka, maraya ba ya rasa gida. Ga baffa, ga kawu, ga gwaggo, ga inna, wani zai ɗauke shi riƙo. To, in baffan ma ya bi, gwaggon tana kwance fa? Abin da ya faru ke nan a gefen babban tafkin nan na Victoria, a gabashin Afirka. A yankin Kagera na ƙasar Tanzaniya aka fara ganin cutar a 1983. A Rakai, ƙetaren iyaka cikin Uganda, mutane suka sa mata sunan da ke nufin rama. Aka wayi gari akwai gidajen da ba kowa sai tsohuwa da jikoki shida ko takwas, akwai ma gidajen da ɗan shekara 12 shi ne maigida. Bisa ga lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2023 yara wajen miliyan 14 ne 'yan ƙasa da shekara 18 suka rasa uwa, ko uba, ko duka biyu, ta dalilin wannan cuta, yawancinsu a Afirka. Sun kai wajen rabin mutanen Nijar duka.

Kada kuwa a zaci kowane ɗayansu yana ɗauke da ƙwayar. Yawancinsu lafiyarsu ƙalau. Ko uwa ba ta sha magani ba, jarirai 15 zuwa 45 ne cikin 100 su kan ɗauka. In tana shan magani yadda likita ya ce, ba su kai 5 ba.

Bari in kai ku wurin wata tafiya ta musamman a ƙasar Tanzaniya ɗin nan, domin ku ji abin da a ke nufi da gama tafiya. Akwai wani gari mai suna Geita, kudu da tafkin, maƙwabcin Kagera, inda a ke haƙar zinariya. A 2002 kamfanin da ke haƙar ya soma shirya hawan Dutsen Kilimanjaro shekara shekara domin tara kuɗin yaƙi da ƙanjamau, yana haɗa hannu da hukumar ƙasar mai lura da wannan cuta. Cikin wuraren da kuɗin ya taimaka akwai wani gidan marayu a Geita, sunansa Moyo wa Huruma, wato zuciyar tausayi da harshen Swahili, Ekklesiyar Katolika ta wurin tana da hannu cikin riƙonsa.

Kilimanjaro shi ne dutse mafi tsawo a Afirka, mita 5,895. Ba a hawansa da igiya, da ƙafa a ke takawa. Wata hanya da a ke yawan bi, mai suna Machame, wajen kilomita 60 ce hawa da sauka, kwana shida ko bakwai. Wanda ya saba zuwa cin kasuwa a ƙasa zai ce ai wannan ba nisa. Amma ba shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba ce. Ranar fari cikin kurmi a ke tafiya, ga ruwa ga taɓo. Daga nan itatuwa su gajarce su zama ciyayi, ciyayi su ƙare sai tsakuwa da toka kamar hamada, can bisa kuma ƙanƙara, a tsakiyar Afirka! Babban abokin gāba a nan shi ne ƙarancin iska. A ƙwanƙolin dutsen, abin da mutum ya ke samu cikin numfashi ɗaya wajen rabin abin da ya ke samu a bakin teku ne. Kai ya yi ta sara, abinci ya ƙi ciyuwa, barci ya gagara. Shi ya sa masu ja-gora ba su da wata magana sai "pole pole", wato sannu sannu. Sau da yawa saurayi mai ji da ƙarfi, wanda ya yi gaba da gaggawa ranar fari, shi ne a kan komo da shi, dattijuwa mai jan ƙafa ta wuce ta isa. Mu ma mun san sannu ba ta hana zuwa.

Daren ƙarshe shi ne gwaji. A kan tashe su wajen tsakar dare, kowa da fitila ɗaure a goshi, sanyi har ruwan gora ya daskare. Sa'a shida ko bakwai suna hawa cikin duhu, taki ɗaya, numfashi, taki ɗaya, numfashi. Wajen fitowar rana su kai bakin ramin da ke bisa dutsen, wurin da a ke kira Stella. Nan mutane da yawa su kan ce sun iso, gama ga alama an kafa, ga rana ta fito, ga duniya duka a ƙarƙashinsu. Amma da saura. Ainihin ƙwanƙolin, wanda a ke kira Uhuru, wato 'yanci, yana gaba da wajen sa'a guda. Hukumar dutsen ma takardar shaida iri biyu ta ke bayarwa, ta wanda ya tsaya a Stella dabam, ta wanda ya kai Uhuru dabam. Bayan wannan kuma sai sauka, wadda ta ke cin gwiwa da farcen ƙafa, ba wanda ya ke tafa wa mutum a kanta. Amma fa in ciwon tsawo ya kama mutum sosai, dole ne ya sauka nan da nan, gama ya kan kashe. Wannan ba abin kunya ba ne, maraya ba ya bukatar a ƙara masa wani maraya.

Akwai waɗansu mutane a kan dutsen nan da ba a cika ganinsu cikin hoto ba, su ne 'yan dako. Doka ta ce kada kayan kowannensu ya wuce kilo 20. Su ne su kan tsaya su naɗe tanti bayan baƙi sun tashi, su ɗora a ka, su cim musu a hanya, su wuce, su riga su isa, su kafa, su ɗora tukunya. Baƙo ya hau sau ɗaya ya koma gida da takarda. Ɗan dako ya sauka ya huta kwana kaɗan ya sake hawa da waɗansu.

In na tuna da su sai in tuna da kakanni mata. Mai tafiya ya ari gajiyar mako guda ne. Tsohuwar da ta binne 'ya'yanta ta ɗauki jikoki, ita gajiyar tata ce. Jaririn da aka bar mata, shekara 18 ke gabansa kafin ya tsaya da ƙafarsa: kunu, tuwo, riga, sabulu, littafi, kuɗin makaranta, maganin zazzaɓi kowace damina. Ga dangi masu sa ido kan gonar uban. Ga masu ba ta shawara ta aurar da yarinyar tun ba ta isa ba, ko ta tura ta aikatau birni. A watan Agusta na 2006 aka tara irin waɗannan kakanni wajen 100 daga ƙasashen Afirka a birnin Toronto na Kanada, suka zauna da kakanni wajen 200 na can. Gidauniyar Stephen Lewis ce ta shirya taron, shi ne ya yi wa Majalisar Ɗinkin Duniya wakilci kan ƙanjamau a Afirka daga 2001 zuwa 2006. Bayan taron tsofaffin matan Kanada suka kafa ƙungiyoyi gari gari, suka riƙa fita tafiya a ƙasa suna tara wa takwarorinsu kuɗi. Ba harshe ɗaya, ba jini ɗaya. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa ta ke, ga tsofaffi masu ciwon gwiwa a wata duniya sun gaskata mana maganarmu.

Amma mai karatun Littafi zai ce, "Ashe Ubangiji bai gargaɗe mu cikin Matta sura 6 a kan yin sadaka domin idon mutane ba? Wannan tafiya da tuta da hoto fa?" Gaskiya ne, hatsarin yana nan, akwai kuwa masu zuwa domin hoto, sun riga sun karɓi ladansu. Duk da haka a ganina akwai dalilin da ya sa wannan aiki ya ke son sarari. Ba abin da ya yi kiwon ƙanjamau kamar ɓoyo. Mutum ya ƙi zuwa awo don kada a sani, ya mutu a ce iska ce ko sammu, 'ya'yansa su gāji ƙyama. Shi ya sa ya zama babban abu da Shugaba Kenneth Kaunda na Zambiya ya faɗa a fili a 1987 cewa ita ta kashe ɗansa, Nelson Mandela kuma ya yi hakanan a Janairu 2005. Masu tafiya su kan ratsa kasuwa da rana tsaka suna kiran sunan cutar, ba da raɗa ba. Ku tuna da makahon nan cikin Yohanna sura 9. Almajirai suna so su san laifin wane ne, nasa ko na iyayensa. Ubangiji bai zauna shari'ar nan tare da su ba, ya warkar da mutumin. Yaron da ke bakin ƙofarka bai yi kome ba, uwarsa ma sau da yawa a ɗakin aurenta abin ya same ta.

To, mu komo wurin da muka sa tsinke. Masu bi na Urushalima suna cikin talauci, Bulus yana tara musu gudummawa daga ekklesiyoyin al'ummai. Mutanen Korinti su suka riga kowa ɗoki, tun shekarar da ta wuce suka soma, sai abin ya yi sanyi. Mutanen Makidoniya kuwa, matalauta, suka bayar har fiye da ƙarfinsu. Bulus bai zagi Korintiyawa ba. Abin da ya roƙe su shi ne su ƙarasa abin da suka fara, kowa bisa ga abin da ya ke da shi. Su ma a Stella suka tsaya. Mu ma mun san wannan hali. Ranar jana'iza kowa ya kan ce, "Yaran nan namu ne." Kwana arba'in gidan cike. Bayan shekara guda sai tsohuwa da kajinta.

Ku duba kuma ƙarshen surar, inda mutane ba su cika karantawa ba. Bulus bai yarda ya riƙe kuɗin shi kaɗai ba. Ya aiki Titus da waɗansu 'yan'uwa biyu, ɗaya daga cikinsu ekklesiyoyi ne suka zaɓe shi, domin kada kowa ya sami abin zargi. In manzo ya yi haka, balle mu? Ran da mai tafiya ya kwance takalmi, aiki mafi wuya yana gabansa: ya bi mutum 40 ɗin nan ɗaya ɗaya, wannan ya ce sai an sai da gyaɗa, wancan ya ce ya manta. Alkawari kaya ne, wanda ya sa sunansa a takarda ya ci bashin maraya. In an tara, mutum biyu ko uku su ƙirga tare, a cire abin da aka kashe a hanya a fili, a karanta lissafi gaban jama'a. Kowane mai bayarwa yana da iko ya tambaya, "Cikin kowace jaka 100, nawa ta kai hannun yara?" In kuɗin jirgi da masauki da riguna sun fi abin da aka tara, to, yawon shan iska aka yi da sunan maraya.

Wani zai ce ai yanzu akwai magani. Akwai, mun gode Allah. Tun 1996 aka sami haɗin magunguna masu danne ƙwayar, ba su fitar da ita daga jiki, amma mai shansu kullum ya kan rayu ya tsufa ya ga jikoki. A 2002 aka kafa asusun duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, a 2003 kuma Amurka ta kafa nata shiri, wanda aka keɓe kashi ɗaya cikin goma na kuɗinsa domin marayu da yara marasa galihu. Masu mutuwa suka ragu daga wajen miliyan 2 a 2004 zuwa wajen 630,000 a 2023. Babu taimakon maraya da ya kai a riƙe uwarsa da rai, don haka wanda ya raka maƙwabciyarsa asibiti karɓar magani ya yi tafiya mai daraja. Amma a Janairu 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakonta na ƙasashen waje, ayyuka da yawa na lura da marayu suka tsaya a Afirka. Kayan da baƙo ya taya mu ɗauka shekara 20 ya soma komowa kan masu shi.

A Nijar masu ɗauke da ƙwayar ba su kai mutum 1 cikin manya 100 ba. Ƙarancin nan yana da nasa ciwo, gama gidan da abin ya faɗa wa shi kaɗai ne a unguwa, sai ya ja ƙofa ya yi shiru. In samarin ekklesiya da zumuntar mata suna so su yi irin wannan tafiya, ba sai sun nemi dutse ba. Ranar 1 ga Disamba ita ce ranar tunawa da ƙanjamau a duniya tun 1988, ta kuwa faɗo daidai gare mu: an gama girbi, sanyi ya shigo, wanda ba shi da dala yana iya alkawarin tiyar gero kowace kilomita 10. A sanar da mai gari da hukuma, a bar hanyar da ba ta da lafiya. A tashi da asuba, a huta da rana, kada a sa sabon takalmi, kada a ɗibi nisan da ba a iya gamawa. Maƙwabtanmu Musulmi sun san girman maraya sarai, a kai musu takardar su ma, abin da aka tara kuma a raba ba tare da tambayar addinin yaro ba. Tun kafin a tashi, dattawa biyu su je su zauna da tsohuwar su tambaye ta abin da ta ke bukata, gama watakila mu muna shirin sayen riga, ita kuwa jinkar ɗakinta ce ke yoyo. Kada a tsai da yaro gaban taro a ce ga shi nan, kada a buga hotonsa. Sunansa ya tsaya wurin masu riƙe da littafin lissafi, su kuma su rubuta ranar da za su koma gidan a wata mai zuwa.

Ubangiji shi kiyaye ku. Sai mako mai zuwa war haka, in ya yarda.